Gwaggo Mai Ƙirga Ruwa

Ranar Alhamis da hantsi Gwaggo ta rasu, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Washegari Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, saboda haka duk wanda ya shigo gari daga Lajawa ko Ɗankaza da akuyarsa ko buhunsa sai ya ratso gidanmu ya yi gaisuwa kafin ya wuce. Tsakar gida ta cika da mata, ƙofar gida ta cika da maza. Ni ina zaune bakin ƙofar ɗakinta ina amsa "Ya haƙuri?" har bakina ya bushe.

Wata ta ce, "Allah sarki, mai haƙuri, ba a taɓa jin kanta da kowa ba." Na ɗaga ido na dube ta. Ko dai ba ta san Gwaggo ba, ko kuma kunyar mamaci take ji. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi, kuma duk wanda ba a taɓa jin kansu ba a unguwar nan, to bai taɓa yi mata ƙarya ba ne. Wata kuma ta ce, "Ita dai ta more wasa da yara har tsufa." Wannan ma na haɗiye. Amma da maƙwabciyarmu ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita, wai don kar in ji, "Allah dai ya yafe mata 'yan sakainan nan da take watsawa," sai na ji kaina ya ɗauki zafi. Inna, mahaifiyata, ta danne mini gwiwa. Ba don hannun Inna ba, da an yi abin kunya a gidan makoki.

Ranar sadakar uku Baffa ya shigo cikin gida. Shi ne autansu Gwaggo, kuma tun rasuwar mahaifina shi ne babba a maza. Ɗan kwangila ne. A shekarun nan da kuɗin mai suka buɗe ya samu hanya, ya yi gidan siminti, ya je Makka sau uku a jirgi. Ya tsaya ƙofar ɗakin, ya ɗaga makullin motarsa ya nuna lefen kaba da ke rataye a bango.

"Wannan tarkacen, ranar bakwai a fito da shi a cinna masa wuta. Mutane na magana. Wasu sun ce duba take yi, wasu sun ce caca ta koya wa 'ya'yan mutane. Ba za mu bar mata abin da zai bi ta kabari ba."

Na ce, "Baffa, ba duba ba ne."

Ya ce, "Ke 'yar nan, ban tambaye ki ba."

Gaskiya ne, bai tambaye ni ba. Amma in aka ƙone lefen nan a gaban jama'a, an sa hannu ke nan a kan cewa abin da ake faɗa gaskiya ne, kuma da wannan sunan za a riƙa tuna ta. Ni kuwa na san abin da ke cikin lefen, na kuma san abin da ya sa yake ciki.

Ƙoƙuna takwas ne, da sakaina guda huɗu da hannu ya goge har suna sheƙi, da ƙunshin 'ya'yan tsamiya a tsumma. Shi ke nan duban.

Gwaggo tana ƙarama iyayensu suka ɗauke ta suka nufi Makka a ƙasa, suka bar mahaifina wajen kakansu saboda gona. Ta Barno suka bi, suka ratsa Wadai, suna tafiya suna tsayawa su yi aiki su samu na gaba. Ta tafi ba ta iya ɗaura zani ba, ta dawo budurwa. Bayan dawowarsu aka haifi Baffa. Wannan hanya ita ce ta mayar mana wasa, muna ce masa wasan Gabas.

Bayan la'asar ake yin sa, a gindin tsamiyar tsakar gidanmu. Ba na yara ba ne, ko da me matan makoki za su ce. Inna na zama, Yaya, wana, na zama tun yana makaranta har ya zama akawu ya yi gemu, matarsa ma da ta zo sai da ta samu gefen tabarma. Kowa zai zaɓi mutumin da zai zama a ayari: wannan wanzami, wancan maƙeri, wani malami mai jaka. Kai za ka yi magana da bakin mutuminka, ka faɗi abin da zai yi. Gwaggo kuwa ita ce hanya. Ita ce rana, ita ce kurar da ke bin jakuna, ita ce mai garin da zai hana ku masauki, har muryarsa take yi. In abu ya zo da shakka, ko rijiyar gaba na da ruwa, ko jaki zai tashi, sai ta watsa sakainan nan huɗu a duba nawa suka kife nawa suka buɗe. Ba a taɓa ajiye ko kwabo a tabarmar ba, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa abin da gobensa za ta haifa ba. Tafiya ɗaya sai ta ci wata bakwai, kullum a ɗora daga inda aka sauka.

Duk wannan sauƙi ne. Wahalar Gwaggo ɗaya ce: ta sa mu riƙa sanin abin da ya rage mana.

Kowa na da ƙoƙonsa. Ɗan tsamiya ɗaya ruwan yini ɗaya ne a salkarka, wato jakar fatar da matafiya ke ɗaukar ruwa. Ƙwayar gyaɗa ɗaya guzurin yini ɗaya. In ayari ya tashi ya sauka, kowa ya jefa ɗaya-ɗaya a ƙwaryar da ke gabanta. Ka ji kamar ba wuya. To, mutum ne. In labari ya yi daɗi, 'yan fashi sun taso, ana ihu ana dariya, wa ke tuna ɗan tsamiya? Sai an yi zango uku ka ga ƙoƙon kowa cike, sai ka ce a kogi muke tafiya.

Gyaɗar ce ta fara ba mu kunya. Yaya na zaune yana sauraron yadda kura ke zagaya ayari, hannunsa na zuwa ƙoƙo yana komawa baki, bai ma sani ba. Gwaggo ta gan shi, ta bar shi sai da ya share ta tas. Sannan ta juyo.

"Wanzami, ina guzurinka?"

Ya leƙa ƙoƙo, ya yi tsuru-tsuru. "Gwaggo, ni ne na ci, ba wanzamin ba."

"Bakinku ɗaya. Wanzami ya zauna ya cinye guzurin kwana tara a wuni guda. Allah ya ba shi lafiyar ciki. Gobe sai ya bi ayari yana aski a ba shi loma."

Haka kuwa aka yi. Sati biyu Yaya na roƙon maƙeri da malami su yarda ya yi musu aski. Tun daga ranar ba wanda ya sake cin gyaɗar wasa, sai dai ka ga mutum ya kai hannu ya janye.

'Ya'yan tsamiya kuwa matsalarsu daban. A gindin tsamiya muke zaune, ruwa ke nan zube a ƙasa ko'ina. Ka miƙa ƙafa kamar ka gaji, ka jawo biyu da yatsa. Na yi, ba zan ɓoye ba. Inna ma ta yi, Allah ya ba ta haƙuri da wannan tonon. Gwaggo ta gane, don lissafin kowa na kanta ko da ba ta nuna ba. Wata safiya na tarar da ita bakin murhu da basilla a wuta, tana huda 'ya'yan tsamiya ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ta yi tana wannan aiki. Daga nan duk wanda ba shi da huda ba ruwa ba ne. "Wannan fitsarin jaki ne," in ji ta, ta wurgar.

Da Yaya ya samu aiki aka ba shi tebur, sai ya zo da dabara. Ya ce wannan ƙirga ta mutanen da ce, shi zai riƙa rubuta na kowa a littafi. Gwaggo ba ta karanta boko, amma ta bar shi. Rana ta huɗu aka nemi littafi, ya manta shi a ofis. Rana ta shida aka samu littafi, biro ya ƙi. Da aka dawo kan magana kowa ya tuna yana da ruwa fiye da yadda yake da shi, har aka kusa dambe tsakanin maƙeri da malami. Gwaggo ta sauko da ƙoƙunanta ta jera. "Malam akawu, ruwan da ke cikin takarda a ba takarda ta sha."

Abin da ta tsaya a kai daga ƙarshe shi ne zazzage. Duk zangon da ke da rijiya, kafin a tashi, kowa ya zazzage ƙoƙonsa a tabarma, ya faɗi adadi da bakinsa, na kusa da shi ya ƙirga ya tabbatar. Amma a tsakiyar hanya ba ta dubawa. In an zo mararraba, inda za a zaɓa ko a ratse neman rijiya ko a miƙe, bakinka kawai take tambaya. Na taɓa ce mata me ya sa ba za a zazzage a nan ma ba, a huta. Ta ce, "A hanya wa zai kwance salka talatin yana leƙawa? Maganar mutum ake sha."

Kada a ɗauka muguwa ce. Matar Yaya, farkon zuwanta, kunya ta hana ta magana, ta yi ta ba mabarata na cikin labari ruwa har ƙoƙonta ya koma wayam. Da aka zo mararraba aka tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ba ni da ko ɗaya." Muka fashe da dariya. Gwaggo ta daka mana tsawa.

"Me ye abin dariya? Ita kaɗai ce ta san abin da ke salkarta. Kowa ya ba ta ɗaya."

Muka ba ta. Gwaggo ta sa ayari ya ratse, ta kuma sanya mana rijiya mai sanyi da inuwar giginya a wurin, ba ta ko watsa sakaina ba. A wajenta ƙarewar ruwa ba laifi ba ne. Wanda ya ce babu, ayari zai ɗauke shi. Ranar ce matar Yaya ta fara ɗaga kai a gidanmu.

Baffa sau ɗaya ya taɓa zama. Ya dawo daga aikin hajjinsa na biyu, da haƙorin Makka da rediyo mai kaset, ya tarar da mu a tabarma. Lokacin kowa a gari ya ɗauka babu abin da ke ƙarewa. Shinkafa na zuwa daga ƙasashen waje, gonaki na kwana ba noma, yara na barin famfon bakin titi a buɗe su tafi. Baffa ya ce don raha a ba shi ƙoƙo, shi attajiri ne a ayari. Ba a yi zango biyu ba ya gaji da jefa 'ya'yan tsamiya.

Ya dubi Gwaggo ya ce, "Yaya, wannan wahalar ta me? Attajirina ya aika a kawo tankar ruwa."

"Babu tanka a Wadai."

"To ya hau jirgi. Awa biyar ya sauka Jidda. Duniya ta ci gaba, ku kuna nan kuna ƙirga ƙwallon tsamiya."

Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓe ƙoƙon. "Sauka lafiya, Alhaji. Mu da muke ƙasa bari mu ci gaba."

Ya tashi yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tun ranar in ya shigo ya gan mu sai ya kau da kai.

Saura doka ɗaya, wadda ta sa har mu da muke son wasan muke cewa Gwaggo ba ta da adalci. In aka kama ka ka yi ƙaryar ruwa a mararraba, ba mutuminka ne zai mutu ba. Na wanda ke zaune kusa da kai ne.

A kaina ta faɗa. Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, ina da wata ungozoma mai jaki ɗaya. Wata biyar ina tafe da ita. Ta karɓi haihuwa a Barno, ta yi wa mai gari wayo, ta tsira daga kura sau biyu. Ina son matar nan kamar 'yar'uwata, duk wanda zai yi dariya ya yi. Muka zo wata mararraba bayan Wadai. Rijiya na kudu, ratsen rabin yini. In an miƙe, kwana huɗu sai ruwa. Gwaggo ta bi mu ɗaya-ɗaya. Na ce shida. Inna ta ce biyar. Yaya, wanda ke dama da ni, ya girgiza ƙoƙonsa ya yi ƙara, ya ce tara. Aka ce to ai ko wani ya gaza, wanzami zai taimaka. Muka miƙe.

A yini na uku Gwaggo ta watsa sakaina, guguwa ta tsayar da mu kwana biyu. Ta ce a haɗa ruwa a raba. Kowa ya zazzage. Ƙoƙon Yaya babu komai sai tsakuwa bakwai. Ashe tun baya ya ba da ruwansa an ba shi doki, don a ce wanzami na kan doki, kunya kuma ta hana shi faɗa. Biyun da suka rage masa ya riga ya jefa a hanya.

Gwaggo ba ta ko dube shi ba. Ta miƙo hannu ta ɗauki ƙoƙona ta kife a tabarma. Kifewa ita ce mutuwa.

"Ungozoma ta kwanta a gindin wata ƙaya, ba ta tashi ba. Ku tona ku rufe ta, rana na yi."

Na miƙe tsaye. Ina da shekara ashirin, ina shirin fara koyar da 'ya'yan mutane, amma hawaye nake. Na ce, "Wallahi wannan zalunci ne! Shi ya yi ƙarya, ga shi kan doki. Ni na ƙirga nawa daidai tun daga Wudil, ko ɗaya ban ɓata ba!"

Ta ce, "Na sani."

"To a kashe nasa mana!"

"Ba haka hanya take yi ba."

Na ce mata abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce tsohuwa ce mai son ganin mutane na kuka, na shuri ƙoƙon ya gangara har bakin rariya. Yaya kuwa ya kasa haɗa ido da kowa. Ya roƙa a kashe wanzamin a dawo da ungozoma, ta ƙi. Sai da ya ci gaba da tafiya da mutuminsa har bakin teku, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙirga ruwa da tsoron Allah kamar Yaya bayan wannan rana ba. Ni dai kwana goma sha ɗaya ban gaishe ta ba, muna gida ɗaya.

Rana ta goma sha biyu da hantsi ta kira ni in taya ta ɓarar gyaɗa. Na zo ina cin magani. Muka yi ta ɓara. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mu biyu aka tafi da mu Gabas."

Wannan na sani. Kowa a gida ya san akwai ƙaninsu da ya rasu a hanya yana ɗan shekara huɗu, zazzaɓi aka ce.

"Ba zazzaɓi ba ne. Ƙaramar salka aka ba ni, tawa da tasa. Ina bayan jaki, rana na dukana, in kurɓa kaɗan, in ce wannan ne na ƙarshe. Kafin mu kai mararraba saura abin da bai cika ludayi uku ba. Na ji Baba na bin mutane yana tambaya. Tsoron duka ya kama ni. Sai na kwance bakin salkar na hura mata iska har ta kumbura, na ɗaure. Ya zo ya taɓa ta da hannu ya ce, 'Taku fa?' Na ce, 'Cike take, Baba.'"

Hannunta bai daina ɓara ba.

"Rijiya na nan, ratsen rabin yini. Da na ce babu, da an ratse. Mari biyu zan sha, shi ke nan. Muka miƙe. Ta gaba da muka dogara da ita, muka tarar ta rufta. Manya suka jure, ni ma na jure, tunda na sha nawa na sha nasa. Shi ne bai jure ba. Baba ya ɗauka salkar ce ta yi yoyo, ya yi ta zagin wanda ya sayar masa. Na bar shi a haka har ya mutu. Innarmu ma haka."

Na ce, "Gwaggo, ai yarinya ce ke lokacin."

"Yarinya ce. Shi ya sa ban ce a kashe yarinyar ba. Amma ke kina so in yi muku hanyar da maƙaryaci ke mutuwa, mai gaskiya ya wuce. Ni ban ga wannan hanyar ba. Wadda na bi, mai ƙarya ta kai Makka ta dawo, ga ta tana ɓarar gyaɗa." Ta ture mini kwanon. "Muddin ina numfashi kada in ji a bakin kowa. In na mutu, bakinki ne, ki yi yadda kika ga dama."

Daga ranar uku zuwa ranar bakwai ban samu natsuwa ba. In na yi shiru, a ƙone lefe, ta tafi da sunan mai duba. In na yi magana, na tona abin da ta rufe shekara sittin, a kuma gaban ƙaninta. Na auna, na sake aunawa. Abin da na gani shi ne, na farkon ƙarya ne, na biyun gaskiya ne, kuma na san wanda Gwaggo ta fi ƙi a cikinsu.

Ranar bakwai da safe, bayan an yi addu'a an raba waina, Baffa ya shigo da galan ɗin kananzir a hannunsa. Na riga na sauko da lefen na ɗora a cinyata. Inna na gefe, Yaya da matarsa na tsaye, maƙwabciyar nan ma na nan, ta ƙi tafiya don kar a yi ba ita.

"Kawo," in ji Baffa.

"Ba zan bayar ba, Baffa."

Inna ta ce, "Ke, Baffanki ne fa."

"Na san Baffana ne. Ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama, amma sai ya ji abin da zai ƙona."

Na faɗa. Ban ƙara ba, ban rage ba, ban kuma sassauta murya don maƙwabciya ba, ita ma ta ji ta kai inda za ta kai. Na faɗi salkar, na faɗi iskar, na faɗi "Cike take, Baba." Na ce shekara arba'in matar nan ta yi tana zaunar da mu a tabarma don kada a samu ko ɗaya a zuriyarta da zai ji kunyar cewa nawa ya ƙare. Na ce in wannan ne duba, to a kawo kananzir a haɗa da ni. Yaya ya juya ya fuskanci bango. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Baffa bai yi tsawa ba, ni kuwa tsawa na shirya wa. Ya ajiye galan a ƙasa. Ya nemi wurin zama bai samu kujera ba, ya zauna a kan turmi da babbar rigarsa.

"Ratsen nawa kika ce?"

"Rabin yini."

Ya jinjina kai.

"Sunansa aka mayar mini," ya ce. "Kin san tun da na yi wayo Yaya ba ta taɓa kiran sunana ba? Ina yaro 'kai' take ce mini. Da na girma na zama 'mai gida', da na je Makka na zama 'Alhaji'. Kowa tana kiran sa da sunansa, har almajiri. Ni kaɗai ne ba ta kira." Ya dubi lefen. "Shekara hamsin ina cewa ba ta ƙaunata."

Ya share fuska da hannun riga, ya tashi, ya nufi zaure. Ya bar galan ɗin a inda ya ajiye, sai matar Yaya ce ta ɗauke ta kai kicin.

Har yau a cikin dangi akwai masu cewa na tona asirin mamaci, na yi wa babba tsaurin ido a gaban mata. Su faɗa. Ban nemi afuwar kowa a kan wannan ba, ba kuma zan nema ba. Gwaggo ba mai haƙuri ba ce, ba waliyyiya ba ce. Yarinya ce da ta ji ƙishirwa ta ji tsoro, ta yi ƙarya guda ɗaya, ta kuma ƙi yafe wa kanta har ta tsufa. A haka nake so a san ta.

Ya Allah, Kai ka ga abin da ke cikin salkar tun ranar, ba a ɓoye maka komai ba. Ka yafe wa yarinyar, ka ji ƙan tsohuwar, ka haɗa ta da ƙaninta inda ba a jin ƙishirwa. Ta samu ta kira shi da sunansa.